Ba Kowace Tambayar Zuciya Ake Amsawa Ba

Na tashi da imanin cewa uwar da ba ta kwana da tunanin 'ya'yanta ba ta cika uwa ba. Haka na gani a gidanmu. Innarmu mace ce mai yawan zulumi. Idan ɗayanmu ya yi tafiya, ba ta cin abincin kirki sai an aiko cewa ya sauka lafiya, kuma kowa yaba mata yake yi, ana cewa ita kam akwai son 'ya'ya. Da na yi aure na haihu, sai na riƙe halin nan hannu bibbiyu, ina ganin gado ne mai kyau. Ban taɓa zaton abu ne da zai iya cinye mutum yana tsaye da ƙafafunsa ba, sai da ya kusa raba ni da aikin koyarwar da nake ci da shi, ya kuma shiga tsakanina da sallata.

Abin yana da mafari, kuma mafarin nasa gaskiya ne. A daren 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara suka kora yara sama da 300 cikin daji. A lokacin babban ɗana yana wata makarantar kwana daban a jiharmu ta Katsina. Ba tasu aka shiga ba, amma duk uwar da ke da ɗa a makarantar kwana ta san yadda garin nan ya waye mana. Gwamnati ta rufe makarantun kwana, yaro ya dawo gida lafiya, kafin mako ya zagayo kuma aka sako 'yan Ƙanƙara. Ba mu gama ajiyar zuciya ba sai ga Kagara ta jihar Neja cikin Fabrairun 2021, a ƙarshen watan kuma sai Jangebe ta Zamfara, inda aka kwashe 'yan mata 279. Ni da maigidana muka zauna muka duba lamarin, muka mai da yaron makarantar jeka-ka-dawo a cikin gari. Wannan tunani ne mai amfani: an ga haɗari, an auna, an ɗauki mataki.

A wajen maigidana magana ta ƙare ke nan. A wajena kuwa a nan ta fara.

Yaron yana ɗakin da ke jikin nawa, ina jin tarinsa, amma da zarar na sa haƙarƙarina a katifa sai zuciya ta soma. Idan fa a hanyar makaranta aka tare su? Idan fa mai napep ɗin da ke ɗaukarsu yana da alaƙa da mutanen daji? Idan aka ɗauke shi nawa za su nema, me za mu sayar, wa zai ranta mana, gonar gado za ta isa kuwa? Sai in tsinci kaina ina ciniki da mutanen da ban taɓa gani ba a kan abin da bai faru ba, ina lissafin kuɗin fansa da yatsu cikin duhu. In na kai ƙarshen lissafin sai in koma farkonsa, ko akwai abin da na tsallake. Haka zan yi ta saƙa da warwara har in ji kiran assalatu.

Daga baya ma abin ya daina jiran babban dalili. Kalma ɗaya da na faɗa wa matar ƙanin mijina a gidan suna sai ta kwana tana yi mini amsa-kuwwa: me ya sa ta yi shiru bayan na faɗa, ko ta ɗauka habaici ne, ko ta kai wa surukata, da na sani da ban je ba. Shugaban makarantarmu ya amsa gaisuwata a gajarce, to shi ke nan, wani ya kai ƙarata. Ciwon kai ya ɗan jima bai sake ni ba, to wani mugun abu ne ke tsiro a ciki, kuma wa zai riƙe yaran idan na mutu, wadda za a auro za ta ba autata abinci kuwa? Rabin tunanin yana tono abin da ya wuce, rabi yana gina bala'in da bai zo ba, ranar da nake cikinta kuwa babu mai waiwayarta. Abin da ya fi kama da shi a wurina shi ne injin niƙa da aka bari yana gudu babu hatsi a ciki: ƙara na tashi, mai na ƙonewa, haƙoransa na cin juna, amma ko cokalin gari ba ya fitowa.

Jiki ma ya karɓi rabonsa. Ƙirjina ya riƙa bugawa ba gaira ba dalili, ƙeyata ta yi nauyi, abinci ya fita raina. Na sha maganin maleriya, na sha na taifod, na sha na gyambon ciki, duk daga kemis, kamar yadda yawancinmu ke yi idan jiki ya ƙi daɗi ba mu san dalili ba. A aji sai in tsaya gaban allo da alli a hannu, jimlar da na faro ta ɓace mini. A gida kuma faɗa ya yi mini yawa, abu kaɗan in hau yara. Wata rana yaron nan da nake wannan wahala dominsa yana ba ni labarin abin da ya faru a ajinsu, sai ya yi shiru ya dube ni ya ce, “Umma, kina jina kuwa?” Ko kalma ɗaya ban ji ba. Ina can ina ƙwato shi daga hannun ɓarayin da ke cikin kaina, shi kuwa ga shi a gabana yana neman kunnen uwarsa bai samu ba. Ranar na fara gane cewa tunanina bai taɓa tsare shi daga komai ba. Abin da ya tsare shi, bayan kiyayewar Allah, shawarar nan ce da muka yanke a zama ɗaya. Duk abin da ya biyo bayanta hasara ce, kuma shi ma yana cikin masu biyan hasarar.

Sai abin ya bi ni har kan sallaya. In tayar da kabbara, kafin in ɗago daga ruku'u hankalina ya tafi, in rasa raka'a ta nawa nake, in sallame in sake. Alwala ma haka: na shafi kai ko ban shafa ba, bari dai in sake. Sallar isha'i ta zama aikin da nake jin nauyin tunkara, wannan kuma ya haifar da sabon abin tunani wanda ya fi duk na baya ciwo, wato ashe imanina ne ya yi rauni.

Duk wanda na buɗe wa cikina, amsar ɗaya ce: “Ki cire tunani.” Wasu su ƙara da “ki yi tawakkali” ko “ki dubi na ƙasa da ke.” Na san alheri suke nufi, kuma ba ƙarya suka faɗa ba. Amma wanda bai taɓa shiga halin nan ba bai san cewa mai shi ya fi kowa son cirewar ba. Ya gwada da daddare, ya gwada da rana, abin ya ƙi. Idan aka sake ce masa ya cire, abin da yake ji shi ne: laifinka ne, kai ka ga dama. Sai ya koma gida da kaya biyu, tunanin da kuma kunyar kasa cire shi, daga nan ya daina gaya wa kowa.

Daga baya na karanta dalilin da ya sa cirewa da ƙarfin tsiya ba ta yiwuwa. A 1987 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Daniel Wegner, ya tara ɗalibai ya ce su yi minti biyar kada su tuna da wata farar dabba ta ƙasashen ƙanƙara, duk lokacin da ta faɗo musu a rai su kaɗa ƙararrawa. Ƙararrawa ta yi ta ƙara. Da aka sake musu mara aka ce yanzu su tuna da ita, sai ta cika musu kai fiye da waɗanda tun farko ba a hana su ba. Bayanin da ya bayar mai sauƙi ne: kafin ƙwaƙwalwa ta tabbatar ba ta tunanin abu, dole ta riƙa leƙawa ta ga ko yana nan, leƙen nan kuwa shi ne tunanin. Kowane malamin firamare ya san haka ko bai taɓa jin sunan Wegner ba. Ka ce wa aji kada kowa ya kalli taga, ka ga inda idanu za su koma.

Akwai wata hanyar da na bi wadda ita ma ƙara wa abin ƙarfi take yi, ita ce neman a kwantar mini da hankali. Cikin dare in tayar da maigida: “Malam, kana ganin dai ba komai ko?” Ya ce, “Ba komai, in sha Allahu, kwanta.” In ji sanyi na ɗan lokaci, sai zuciya ta ce ai cikin magagin barci ya faɗa, sake tambaya. Yaro ya makara da minti kaɗan, na kira mai napep, na kira malaminsu, na kira maƙwabciya. Kowane kira yana ba ni sauƙin da ba ya daɗewa, yana kuma koya wa zuciyata cewa ba za ta iya zama da rashin tabbas ba ko na ɗan lokaci.

Sauƙi ya fara zuwa mini ta ƙofar da ban zata ba, wato Islamiyyar matan aure da nake zuwa Asabar da Lahadi. Muna karatun Ahalari, ɗan littafin fiƙihun Malikiyya da ɗalibai da yawa a ƙasar Hausa ke farawa da shi, wanda malamin Aljeriya Abdurrahman al-Akhdari ya rubuta a ƙarni na 16. Muka iso babin rafkanuwa a salla. Malamarmu, wata dattijuwa mai sanyin magana, ta bayyana cewa wanda ya yi shakka ko raka'a uku ya yi ko huɗu, zai ɗauki ukun, ya kawo ɗaya, ya yi sujada ba'adi. Wannan kowa ya sani. Sai ta ce amma mai waswasi, wanda shakka ta zame masa abokiyar kullum, hukuncinsa daban ne: ba zai kawo abin da yake shakka a kansa ba, zai kau da kai daga shakkar, ya ƙarasa sallarsa, ya yi ba'adi, shi ke nan. Ta ce haka hukuncin yake a littafin Risala ma.

Na ɗaga hannu. “Malama, to idan da gaske raka'ar ta ragu fa?”

“'Yata, malaman da suka faɗi haka sun san tana iya raguwa,” in ji ta. “Amma sun lura cewa mai wannan ciwo, duk lokacin da ya biye wa shakka ya sake, ƙarfi yake ƙara mata. Gobe za ta dawo ta fi ta yau. Maganinta a ƙi kula ta.”

Na daɗe ina juya maganar nan, kuma wannan karon juyawar ta yi amfani. Malaman fiƙihu ba su kira mai waswasi mai raunin imani ba. Sun ware masa hukunci ne kamar yadda suka ware wa marar lafiya da matafiyi, wato sun ɗauke shi mai lalura wanda ya cancanci sauƙi. Ba su kuma ɗora masa sharaɗin sai zuciyarsa ta natsu kafin ya sallame ba. Zai ci gaba da sallarsa ko da shakkar tana ƙwanƙwasa masa ƙirji. A salla fa ake magana, abin da ya fi komai girma a rayuwar Musulmi. Idan a nan an yarda mutum ya wuce ba tare da ya samu tabbas ɗari bisa ɗari ba, to ina ga kalmar da na faɗa a gidan suna, ina ga gaisuwar shugaban makaranta? Sai na fahimci cewa shakkar da ke zuwa sau ɗaya tana ɗauke da labari, ya kamata a saurare ta. Wadda ke zuwa kowace rana da tambaya iri ɗaya ba wani sabon labari a bakinta, amsar da nake ba ta ce abincinta. Na fara da salla. Na daina sakewa, ina yin ba'adi in tashi, ƙirjina na bugawa kamar na aikata laifi. A hankali bugun ya ragu, shakkar ma ta rage zuwa.

Ba zan ce darasin Islamiyya kaɗai ya warkar da ni ba, domin barci bai dawo ba, jiki ma bai saki ba. Yayata, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ita ta matsa sai na ga likita. Na yi ta ja da baya, tsorona kada wani ya gan ni a layin ɓangaren ƙwaƙwalwa a ce Malama ta taɓu. Ta ce, “Ke dai sa mayafinki, ni zan raka ki.” Likitan ya auna jinina, ya sa aka yi gwaje-gwaje, har da na wani sinadari da ke fitowa daga ƙullin wuya, wanda idan ya yi yawa yakan kawo bugun zuciya da fargaba. Da sakamako ya fito ya ce abin da ke damuna ciwon fargaba ne, sananne ne, kuma ana maganinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da irinsa a duniya, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani. Ya rubuta mini magani na wani lokaci, na sha bisa umarninsa, daga baya aka janye shi sannu a hankali. Ya kuma haɗa ni da wata jami'a da aikinta shi ne zama da irinmu a yi magana.

Ita ce ta koya mini abin da har yau nake riƙe da shi. Ta ce in sayi ƙaramin littafi, in ware rabin awa kowace rana, lokaci ɗaya, wuri ɗaya, ba a kan gado ba, ba kuma dab da barci ba. Na zaɓi bayan la'asar, a kan tabarma a tsakar gida. Wannan ne lokacin damuwata. Idan tunani ya zo a aji ko cikin dare, ba zan kore shi ba, ba zan kuma zauna da shi ba. Zan rubuta shi a layi ɗaya in ce masa, “An ji, sai bayan la'asar,” in koma ga abin da ke gabana. Idan lokacin ya yi, in buɗe littafin in bi su ɗaya bayan ɗaya da tambaya guda: akwai abin da hannuna zai iya yi a kan wannan yau ko gobe? Idan akwai, in rubuta abin da zan yi da ranar da zan yi shi. Kuɗin adashe ya taru a kaina, to ranar Laraba zan je in sami uwar adashe mu yi magana. Ina zargin na ɓata wa matar ƙanin mijina rai, to zan je in gaishe ta in tambaye ta sau ɗaya, abin da ta faɗa in karɓa. Idan kuwa babu abin da hannuna zai iya, to ba nawa ba ne, in yi addu'a a kansa in rufe littafin. A nan ne na fara ɗanɗana tawakkalin da ake ta ce mini in yi, domin sai da na raba abin da ke wuyana da wanda ba ya wuyana sannan na san me zan miƙa wa Allah.

Dabarar ba ta matar nan ba ce ita kaɗai. Thomas Borkovec da abokan aikinsa a Jami'ar Jihar Pensilbaniya ne suka gwada ta suka wallafa sakamakon tun 1983. Farkonta da wuya ƙwarai, domin zuciyar da ta saba a amsa mata nan take ba ta yarda da “sai an jima” cikin sauƙi. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yawan layukan da idan la'asar ta yi nakan karanta in ga sun riga sun huce da kansu. Wanda ya hana ni barci ƙarfe biyun dare, da rana tsaka sai in ga bai kai ya kawo ba.

Littafin ya kuma zama shaida. Da na waiwayi shafukan baya, mafi yawan abin da na ji tsoro bai faru ba, wanda ya faru kuma bai zo a siffar da na zana masa ba, kuma duk zanen da na yi bai rage mini zafinsa ba ko kaɗan. Wani bincike daga jami'ar nan ta Pensilbaniya da aka wallafa a 2020 ya bi diddigin mutum 29 masu ciwon fargaba, suka rubuta abubuwan da ke damunsu, aka ga kusan kashi 91 cikin 100 ba su auku ba. Ina ambaton wannan da taka-tsantsan. Mutanen ba su da yawa, kuma ba a garin da ake satar mutane suke zaune ba. Ba zan taɓa ce wa uwar da ke Batsari ko Jibiya tsoronta ba shi da tushe ba. Tsoronmu yana da tushe, kuma alhakin tsaron rayukanmu yana wuyan hukuma. Abin da nake cewa kawai shi ne, ko haɗarin gaske ne, tunani yana da iyakar inda yake amfani. Ka san hanyar da za ka bi da wadda za ka guje wa, ka san lokacin da yara za su shigo gida, ka ajiye lambar wanda za ka kira. Bayan wannan, duk daren da ka ƙara ba ka runtsa ba, ƙarfin da za ka buƙata ranar da abin zai zo ne kake ƙararwa.

Waya ma sai da na yi mata iyaka. Kafin in kwanta nakan bi zaurukan WhatsApp ɗaya bayan ɗaya, ina kallon bidiyon gawarwaki da muryoyin “a yaɗa saboda Allah”, wasu na bara ne, wasu ma ba na ƙasar nan ba ne. Mai tura irin waɗannan yana ganin taimako yake yi, alhali bai san zuciyar da za su sauka a kanta ba. Yanzu labarai a rediyo nake ji da safe, wayar kuma a falo take kwana. Goro da shayi mai kauri na mai da su na hantsi, domin sinadarin da ke cikinsu yana ɗaukar awoyi kafin ya bar jiki. Ƙwayar barcin da ake saya a kemis ba takardar likita kuwa, ina roƙon kowa ya nisance ta. Jiki yana sabawa da ita, a wayi gari guda ɗaya ba ta isa, ita kuma damuwar tana nan inda aka bar ta.

Abu na ƙarshe da ya taimake ni tsoho ne ƙwarai. Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya fito daga yankin Balkh a Afganistan ta yau, ya rasu a shekarar 934, ya rubuta littafi kan lafiyar jiki da ta rai, a ciki ya ware babi kan waswasi. Cikin shawarwarinsa akwai cewa mai wannan ciwo ya guji kaɗaici da zaman banza, ya kuma samu amintaccen mutum da zai riƙa gaya wa abin da ke ransa. Fiye da shekara dubu bayansa, wani likitan ƙwaƙwalwa a Zimbabuwe, Dixon Chibanda, ya ga likitoci sun yi kaɗan, sai a 2006 ya fara horar da tsofaffin mata a Harare, ana ajiye musu benci a harabar ƙananan asibitoci, mai damuwa ya zo ya zauna su saurare shi, su taya shi zaɓar matsala ɗaya da zai fara warwarewa. Gwajin da aka wallafa a 2016 kan mutum sama da 500 ya nuna waɗanda suka zauna da kakannin sun samu sauƙi sosai fiye da waɗanda ba su zauna ba. Da na karanta wannan sai na tuna gidan da na tashi. Innarmu da duk zuluminta ba ta taɓa kaiwa inda na kai ba, kuma ina ganin dalili shi ne ba ta taɓa zama ita kaɗai da shi ba. Ga daka, ga surfe, ga kitso, ga facaloli da gwaggonni a tsakar gida. Kafin damuwa ta kwana ta riga ta bi ta kunne uku. Mu yanzu kowace tana bayan get ɗinta da wayarta. Ba ina cewa zaman babban gida ba shi da nasa ciwon kai ba ne, yana da shi, amma mun bar shi ba mu samar wa kanmu madadinsa ba. Ni dai na koma zuwa gidan yayata ranar Juma'a, na kuma karɓi ɗinkin huluna, domin hannun da ke aiki yana rage wa kai gudu.

Tunanin bai ƙaura ba. Duk ranar da aka ce an shiga wani ƙauye, ko yaro ya yi tafiya, yakan zo da tambayoyinsa na da. Bambancin shi ne yanzu na san muryarsa, nakan rubuta shi in ci gaba da girkina, wani daren in yi nasara, wani daren ya fi ƙarfina in kwana ido biyu, gari ya waye in ci gaba. Sallata ta dawo mini, ina kuma jin labarin da yarana ke ba ni.

Kira na gare ku ne, maza da iyaye da 'yan uwan mai irin wannan hali. Idan matarka ko 'yarka ko ƙaninka ya ce tunani ya dame shi, kada “cire tunani” ta zama farkon maganarka, kada kuma ka taɓa imaninsa. Zauna ka tambaye shi me ke zuwar masa, tun yaushe, yana barci kuwa, yana cin abinci. Idan abin ya ɗauki makonni yana hana shi barci ko aiki ko ibada, ka raka shi asibiti da ƙafarka, ba tare da an bar addu'a ba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano, akwai kuma ɓangaren ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika. Tun Janairun 2023 Najeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙin masu wannan lalura. Idan kuwa ka ji ya fara cewa gara mutuwa, ko ya gaji da rayuwa, kada ka bar shi shi kaɗai, kada kuma ka jira gobe, a ranar za ku tafi.